Motsa Jiki Ma Magani Ne: Karatun Fisiyolojin Motsa Jiki da Ayyukan da Ake Samu da Shi

A wannan makon allon ƙungiyar 'yan jarida ya ɗauko batun zaɓen kwas a jami'a, musamman saboda yayyenmu 'yan aji shida da ke shirin cike fom ɗin JAMB, da 'yan aji huɗu da biyar waɗanda har yanzu suna da lokacin gyara. Idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son karantawa, amsar ba ta cika wuce likitanci ko aikin jinya ko haɗa magunguna ba. Guraben waɗannan kwasa-kwasan kaɗan ne, masu nema kuma sun yi yawa, shi ya sa ɗalibi kan yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita jarrabawa. Alhali kuwa fannin lafiya yana da faɗi. Ɗaya daga cikin rassansa da ba a cika sani ba a nan shi ne fisiyolojin motsa jiki na asibiti, wato ilimin yi wa marar lafiya magani da atisayen da aka auna aka tsara masa.

Mene ne wannan fanni?

Fisiyoloji shi ne ilimin yadda sassan jiki ke aiki: yadda zuciya ke harba jini, yadda huhu ke karɓar iska, yadda ƙoda ke tace jini, da sauransu. Fisiyolojin motsa jiki reshe ne da ke duba abin da ke faruwa ga waɗannan sassa idan mutum yana tafiya ko gudu ko noma ko iyo, da kuma canjin da jiki ke yi idan aka ɗauki makonni ana maimaita aikin. Idan aka ce na asibiti, ana nufin amfani da wannan ilimi a kan masu fama da cututtukan da ke daɗewa a jiki, kamar hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon huhu, ƙiba mai yawa, ciwon gaɓoɓi, da waɗanda suka tashi daga jinyar shanyewar ɓarin jiki.

Wannan masani ya bambanta da kocin ƙwallo, domin koci yana horar da masu lafiya ne don su ci wasa. Shi kuwa mutanensa marasa lafiya ne waɗanda likita ya turo masa. Yana auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu, ya rubuta musu adadin atisayen da jikinsu zai ɗauka, ya sa ido a kansu, kamar yadda likita ke rubuta ƙwayar magani ya ce a sha kaza da safe, kaza da dare.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Mu ɗauki misali daga gida. Duk wanda ya taɓa kallon ranar su a bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda dubban masunta ke rugawa da gudu, kowa da gorarsa da homarsa, su faɗa Matan Fada da zarar an ba da alama. Wannan biki ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mai kallo kifi yake jira ya gani. Masanin fisiyoloji kuwa zai so ya san abin da ke gudana a ƙirjin masuncin.

Lokacin da masuncin ke zaune a bakin gulbi, zuciyarsa na bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya, kuma kowane bugu na tura jini kimanin mililita 70. Idan ka ninka, za ka samu kusan lita 5 a minti, wato kusan duk jinin da ke jikin baligi. Da ya tashi da gudu, tsokokin ƙafafunsa sai su buƙaci iskar oksijin mai yawa don ƙona suga da kitse su samu ƙarfi. Nan take bugun zuciya ya hau, jinin da take turawa ya kai lita 20 ko 25 a minti. A zaune, kashi ɗaya cikin biyar na jinin ne kawai ke zuwa tsokoki. A lokacin aiki mai tsanani fiye da kashi 80 cikin 100 ke komawa can, domin jiki ya rage wanda yake aika wa hanji da ƙoda. Numfashi ma haka: daga iska kimanin lita 6 a minti, yana iya wuce lita 100.

Idan ya nutsa ƙarƙashin ruwa ya riƙe numfashi, kamar yadda ake yi a wasannin kabanci, sai wani abu daban ya faru. Da ruwa mai sanyi ya taɓa fuska, zuciya na rage bugu da kanta, jijiyoyin jinin hannu da ƙafa su tsuke, a tanadar wa ƙwaƙwalwa da zuciya sauran oksijin. A nan akwai gargaɗi ga masu zuwa wanka gulbi. Wasu yara kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa don su daɗe a ƙasa. Yin haka na fitar da iskar kabon da ke sa mutum ya ji yana son numfashi, amma bai ƙara oksijin sosai ba, sai mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji alama ba. Wasa ne da ke kashewa, a guje shi.

Idan kuma mutum ya dinga motsa jiki na makonni da watanni, jiki yana sake gina kansa. Zuciya na ƙara ƙarfi har bugu ɗaya ya tura jini fiye da da, shi ya sa gwanayen tseren dogon zango kan samu bugu 40 zuwa 50 kawai a minti idan suna hutawa. Ƙananan jijiyoyin jini na ƙaruwa a cikin tsoka. Tsokar da ke aiki na janye suga daga cikin jini ko da sinadarin insulin bai wadata ba, kuma bayan an gama atisaye jiki na ci gaba da jin insulin da kyau har na tsawon yini ko biyu. Wannan ne dalilin da ya sa tafiya ke taimakon mai ciwon suga. Ga mai hawan jini kuwa, atisayen da aka dawwama a kai na iya sauke awon jinin da maki kaɗan, kamar 5 zuwa 8, kuma wannan ragin na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Yadda duniya ta gano haka

A da, likitocin Turai da Amurka sun ɗauka hutu ne maganin ciwon zuciya. Wanda zuciyarsa ta buga a kan kwantar da shi kusan mako shida ba motsi. Bincike ne ya rushe wannan fahimta sannu a hankali.

A shekarun 1920 wani Baturen Ingila, A. V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel a 1922 saboda bincikensa kan tsoka, ya nuna cewa kowane mutum yana da iyakar oksijin da jikinsa zai iya amfani da shi a minti ɗaya, komai ƙoƙarinsa. Har yau wannan awo shi ne babban ma'aunin juriyar jiki. A 1927 Jami'ar Harvard ta buɗe wani ɗakin bincike na musamman kan gajiya, wanda ya yi shekara 20 yana nazarin aiki a cikin zafi da sanyi da kan duwatsu.

A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su.

A 1966 a birnin Dallas na Amurka, aka kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya, 'yan kimanin shekara 20, a gado na mako uku cur. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da oksijin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka ba su horo na mako takwas suka farfaɗo. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi yi wa ƙarfin zuciyarsu illa fiye da tsufan shekara 30.

A 2002 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutane fiye da 3,000 da ke daf da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa suka gyara abinci, suka rage ƙiba, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kuwa nasu ya ragu da kashi 31. Irin waɗannan sakamako ne suka sa atisaye ya samu gurbi a cikin asibiti, har aka soma horar da ma'aikata na musamman dominsa.

Yadda aikin yake a asibiti

Mu ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 52, ma'aikacin ofis, likita ya tabbatar yana da hawan jini da ciwon suga, ya ɗora shi a kan magani, sannan ya tura shi wurin masanin motsa jiki. Abu na farko shi ne tambayoyi: wane magani yake sha, ya taɓa jin ciwon ƙirji, yana shan taba, akwai wanda ciwon zuciya ya kashe a danginsu? Sai awo: nauyi, tsawo, faɗin ƙugu, hawan jini, sugan jini, bugun zuciya. A duba tafin ƙafarsa da kyau, domin ciwon suga na kashe jijiyoyin ji, mutum ya ji rauni bai sani ba.

Daga nan sai gwaji. A manyan asibitoci ana ɗora mutum a kan injin tafiya, an manna masa wayoyin na'urar ECG a ƙirji, ana ƙara gudu da tudu duk bayan minti uku. Wani likitan zuciya Ba'amurke, Robert Bruce, shi ya fito da wannan tsari a 1963, kuma har gobe da sunansa ake kiran gwajin. Inda babu injin, akwai gwajin tafiyar minti shida: a auna mita 30 a baranda, mutum ya yi ta kai da komo, a lissafa nisan da ya ci. Agogo da igiyar awo da na'urar hawan jini sun wadatar, don haka ko a asibitin ƙaramar hukuma ana iya yi.

Bayan gwaji sai rubuta tsari, kuma tsarin na amsa tambayoyi huɗu: sau nawa a mako, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci, kuma wane irin motsi. Akwai wani lissafi mai sauƙi na ƙiyasta ƙololuwar bugun zuciya: a cire shekarun mutum daga 220. Ga magidancin namu 168 ke nan. Matsakaicin atisaye na tsakanin kashi 64 zuwa 76 cikin 100 na wannan adadi, wato bugu 108 zuwa 128 a minti. Sai dai a nan ne ilimi ke aiki, domin wasu magungunan hawan jini na hana zuciya sauri, kuma ga mai shan su lissafin ya rushe. Dole a koma ga wata hanya, kamar gwajin magana: idan mutum yana tafiya yana iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana kan matsakaici.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ana iya fara masa da minti 10 a rana, a riƙa ƙarawa mako-mako. Idan yana allurar insulin, sai an auna suga kafin a fara, a kuma ajiye dabino ko wani abu mai zaƙi kusa, don sugan na iya faɗuwa ƙasa. Ranar da jininsa ya hau ƙwarai ba a yin atisaye. Idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take. Shi ya sa kowane ma'aikaci a wannan fanni sai ya iya farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wani abin lura shi ne atisaye ba ya soke magani. Likita kaɗai ke da ikon rage ƙwaya ko tsayar da ita.

Me ya shafe mu a Jihar Kebbi?

Wani zai ce mu da muke noman shinkafa a fadama, muke su, muke kiwo, ina ruwanmu da atisaye? Gaskiya ne manomin da ke yini a gona da masuncin da ke tuƙa kwalekwale suna motsa jiki isasshe. Amma rayuwar gari ta canja. Tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙafa yanzu kabu-kabu ake hawa. Daka da surfe sun koma inji. Ma'aikaci ya tashi daga kujerar ofis ya koma tabarmar majalisa, ɗan kasuwa ya yini zaune a shago. Da wuya a samu gidan da ba a san wani mai hawan jini ko ciwon suga ba, kuma da yawanmu mun ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye aka kwantar a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17, wato mu ke nan, minti 60 kowace rana. Alƙaluman hukumar sun nuna kusan baligi ɗaya cikin uku a duniya ba ya cika wannan adadi, a cikin matasa 'yan makaranta kuwa kusan huɗu cikin biyar.

Haka kuma yankinmu yana da nasa yanayi wanda littafin da aka rubuta a Ingila ba zai warware mana ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi da Argungu na wuce digiri 40, kuma mai aiki cikin irin wannan rana na iya zubar da gumi lita ɗaya ko biyu a awa guda. Ƙurar hunturu na tayar wa masu asma da ciwo. A watan azumi sai an san lokacin da ya dace mai ciwon suga ya motsa jiki. Masu sikila na buƙatar tsari mai sauƙi da ruwa mai yawa. Iyayenmu mata da yawa sun fi son a koya musu abin da za su yi a tsakar gida, kuma mace 'yar'uwarsu ta koya musu. Ɗan ƙasa da ya san harshe da al'ada, ya kuma yi karatun, shi ne zai iya wannan aiki. Don haka 'yan'uwanmu mata, wannan fage naku ne ƙwarai.

Hanyoyin karatu a Najeriya

A nan ake son natsuwa, domin akwai kwasa-kwasai uku masu kama da juna a suna, amma ƙarshensu daban.

Hanya ta farko ita ce fisiyoterafi, wanda mutane ke kira gashin ƙashi, ko da yake aikin ya wuce gashi nesa. A asibitocin Najeriya, likitocin fisiyo su ne ke ɗauke da mafi yawan aikin farfaɗo da marasa lafiya ta hanyar atisaye, kuma a cikin fannin akwai reshen zuciya da huhu, wanda shi ya fi kusa da abin da muka bayyana. Wannan sana'a ta shigo ƙasar nan a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirinsa a 1966. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna koyar da shi. Karatun shekara biyar ne, wasu jami'o'in kuma suna komawa sabon tsari na shekara shida. Bayan kammalawa sai aikin sanin makama na shekara ɗaya a asibiti, sannan bautar ƙasa. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka a 1988, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista ta ba su lasisi. A JAMB ana ɗaukar Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a WAEC ko NECO kuma ana son kiredit a waɗannan huɗu da Lissafi. Makin shiga yana da tsada, bai yi nisa da na likitanci ba.

Hanya ta biyu ita ce kwas ɗin da za ku gani a kundin JAMB da sunan Human Kinetics, wanda a da aka fi sani da PHE. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero duk suna da wannan sashe a ƙarƙashin fannin ilimi. Shekara huɗu ne. A nan ake koyar da fisiyolojin motsa jiki da sunansa, tare da ilimin ƙirar jiki, lissafin motsin gaɓoɓi, gwaji da awo, abinci mai gina jiki, da kula da raunin 'yan wasa. Wanda ke son ƙwarewa sai ya ci gaba zuwa digiri na biyu a kimiyyar motsa jiki da wasanni. Mai takardar NCE a wannan fanni na iya shiga aji biyu kai tsaye, don haka wanda bai samu jami'a a karon farko ba, kada ya raina kwalejin ilimi. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie nan a Argungu, a je a ga jerin kwasa-kwasanta.

Hanya ta uku ita ce digirin fisiyolojin ɗan Adam, wanda ake yi shekara huɗu a kwalejojin kimiyyar lafiya. Yana ba da tushe mai zurfi a kan zuciya, huhu, jini da jijiyoyi, kuma ya dace da mai son bincike da koyarwa a jami'a. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da kwalejin kimiyyar lafiya, haka ma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A duba kundin JAMB na shekarar da ake ciki don ganin kwas ɗin da kowace ke ɗauka.

Ga gargaɗin da ya fi komai muhimmanci a wannan rubutu. Fisiyoloji daban, fisiyoterafi daban. Harufan farko ne kawai suka yi kama. Wanda ya yi digirin fisiyoloji ko Human Kinetics ba zai samu lasisin likitan fisiyo ba, kuma ba zai zama likita ba sai ya sake shiga karatun likitanci. Ɗalibi kan bar wa mai shagon intanet ya zaɓa masa kwas, sai ya kai aji biyu ko uku sannan ya gane inda ya dosa. Ku zauna gaban kwamfutar da kanku, ku karanta sunan kwas ɗin harafi-harafi kafin a tura. Ku kuma tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a, idan fisiyoterafi ne a haɗa da amincewar MRTB.

Yadda abin yake a ƙasashen waje

A wasu ƙasashe wannan fanni sana'a ce mai zaman kanta. A Ostareliya ana yin digirin shekara huɗu tare da ɗaruruwan awoyi na aiki da marasa lafiya, sannan ƙungiyar ESSA ta tantance mutum, kuma tun 2006 inshorar lafiya ta gwamnatin ƙasar ke biyan kuɗin ganin waɗannan masana. A Amurka ƙungiyar ACSM, wadda aka kafa a 1954, tana ba da takardar ƙwarewa ga mai digirin farko da ya yi awa 1,200 yana aiki da marasa lafiya, ko mai digiri na biyu da ya yi awa 600, bayan ya ci jarrabawarta. Wanda ya fita da sakamako mai kyau daga jami'ar gida na iya neman tallafin karatu ya yi digiri na biyu a can. Tushen dai a nan ake gina shi, a ajin Bayoloji da Kemistiri.

Ina ake samun aiki?

Ga mai lasisin fisiyoterafi, ƙofar asibiti a buɗe take: babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, asibitin koyarwa na Sakkwato, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, asibitin ƙashi na Dala, da asibitocin jihohi da masu zaman kansu. Wasu kan buɗe nasu wurin, wasu su riƙa bin marasa lafiya gida.

Ga mai Human Kinetics da ya ƙware a fisiyolojin motsa jiki, akwai koyarwa a sakandare da kwaleji da jami'a. Akwai hukumomin wasanni na jihohi da ƙungiyoyin ƙwallo irin su Kano Pillars da Katsina United da Kebbi United, inda ake buƙatar mai auna ƙarfin 'yan wasa ya tsara musu horo. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ga mai son ƙarin takardar koci. Soja da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro na da sassan horar da jiki. Akwai wuraren motsa jiki na kuɗi da ke ƙaruwa a birane. Ko dambe da kokawa, da yanzu ake shirya musu gasa mai kuɗi, suna buƙatar wanda ya san yadda ake shirya ɗan wasa ba tare da an karya shi ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, wannan hanya ta biyu ba ta da gurbi a jere a asibiti kamar na likita ko nas. Mai bin ta sai ya haɗa da ƙwazo, ya ƙaro karatu, ya nemi takardun ƙwarewa, wani lokaci ma ya ƙirƙiri aikin da kansa. Wanda burinsa shi ne ya sa farar riga ya duba marar lafiya a asibitin Najeriya, ya nufi fisiyoterafi tun farko.

Abin da za mu fara tun yau

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi lokacin tara. Ka zauna shiru na minti biyar. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Wannan shi ne bugun zuciyarka na hutu, kuma ga yawancin mutane yana tsakanin 60 da 100. Sai ka yi ta hawa da sauka a kan dakalin aji na minti uku, ka sake ƙirgawa nan take, ka kuma ƙirgawa bayan minti ɗaya. Gwargwadon saurin saukar bugun, gwargwadon horuwar zuciyarka. Ka rubuta a bayan littafi, ka yi wata guda kana tafiya mai sauri ko wasan ƙwallo kullum, sannan ka maimaita ka kwatanta. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ya tsaya a kan ƙirgar farko kawai, ya zama mai riƙe agogo.

Ga 'yan aji huɗu da biyar, ku riƙe Fiziks da Kemistiri da kyau, don su ne suka fi kayar da masu neman kwasa-kwasan lafiya. Ku daina gudun darasin PHE. Ku shiga ƙungiyar ba da agajin gaggawa ta makaranta. Ga malamanmu, muna roƙon ofishin ba da shawara ya gayyato mana likitan fisiyo daga ɗaya daga cikin asibitocin garin nan ya yi mana bayani a ranar 8 ga Satumba, ranar fisiyoterafi ta duniya, ko a duk ranar da ta samu kafin a buɗe sayar da fom. Mai tambaya ya rubuta a takarda ya jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen wannan allo, za mu kai wa malaman kimiyya mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba.